Cikon Bayan Ɗakin Abdu

Bayan gidanmu a unguwar Zariya akwai ɗan kwari. Duk damina ruwan layinmu nan yake bi, ya kwanta jikin bangon ɗakin mijina Abdu kafin ya wuce. Ɗakin ƙasa ne, shi ya gina shi da hannunsa tun ba a haifi ƴarmu Samira ba. Ruwa ya ci gindin bangon har hannu yana shiga.

Da rani Abdu ya ce zai cike wurin. Aka ce masa ba a zuba ƙasa bisa hanyar ruwa sai da izinin meri, wato ofishin magajin gari. Ya je sau uku. Aka aiko wani ma'aikaci, Mushe Rashid (Mushe shi ne Malam a Faransanci), ya auna, ya kafa turaku huɗu masu jan fenti. Ina bayan katanga ina jin su. Ya ce a cike da jar ƙasa daga bango zuwa turakun, a daddaɓe, sauran a bar wa ruwa, in ba haka ba gidan maƙwabciyarmu Tsahara zai faɗa, don nata ya fi namu gangare. Kuma kada a fara sai takarda ta fito.

Takarda ba ta fito ba Abdu ya kwanta. Kwana tara, Allah ya karɓi abinsa.

Na shiga takaba, ko ƙofar gida ba na leƙawa. Tsahara ce ke miƙo mini kunu ta kan katanga kullum da safe. Samira ta je meri, aka ce tunda mai suna ya rasu sai ni na zo da kaina a sake rubutawa. Ni kuwa saura wata uku.

Bayan sadakar arba'in sai ga Idirisa, ƙanin Abdu, daga Tsibiri da amalanken shanu biyar da mutanen gonarsu. Gayya ya yi don ɗan'uwansa. Ya tsaya a zaure, ni ina bayan labule.

"Matar yaya, yau za mu rufe miki wannan rami."

"Idirisa, akwai turaku. Mutumin meri ya ce kada a wuce su."

"Shi mutumin merin ya taɓa yin noma? Mu da ƙasa muka tashi. Ke dai sa a dama mana fura, kada ki yi mana rowar da kika saba."

Na sa Samira ta dama musu furar. Mutum ya baro gonarsa ana gab da shuka, me zan ce masa? Da azahar Samira ta shigo ta ce sun tuge turakun sun ɗaure shanu da su. Rairayin gona suka zuba, suka baje shi sumul tun daga bango har bakin hanya. Har na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ruwan farko mai ƙarfi ya zo wata Talata da la'asar. Ɗakin Abdu ko laima bai yi ba. Ina zaune na ji ihun Tsahara. Ruwan layi duka gidanta ya shiga, ya kayar da madafa, ya jiƙa mata gero buhu biyu. Washegari kunu bai zo ba. Ban ga laifinta ba, ina za ta hura wuta?

Bayan kwana biyu Mushe Rashid ya zo, Idirisa na biye da shi. Ya yi mini gaisuwa tukuna, sannan ya ce dole a buɗe wa ruwa hanya.

"In an buɗe, ɗakin fa?" na tambaye shi.

"Hajiya, gaskiya zan faɗa miki. Rairayi ne, ba a daɓe ba. In ruwa ya samu baki zai kwashe shi, ya bi gindin bango da ƙarfin da ya fi na da. Ba na jin zai kai kaka."

Da ya fita, Idirisa ya matso jikin labule ya rage murya.

"Ki yi shiru kawai. Wa zai ja mai takaba zuwa biro, gaban hukuma? Kafin ki fita damina ta wuce."

Gaskiyarsa. Ba mai taɓa ni. Na zauna ina duban ƙofar ɗakin, a can bayan katanga kuma ina jin Tsahara tana kwashe laka da kwano, tana yi wa jikokinta faɗa su matsa.

"Ka kira mutanenka su tone," na ce.

"Ɗakin yaya ne fa."

"Na sani, Idirisa. Ni na yi masa daɓe."

Suka tone ranar Asabar, yana ta ƙunƙuni. Ni da Samira muka kwashe rigunan Abdu da buzunsa da rediyonsa muka kai ɗakina. Ƙyauren ma na sa aka cire, don mai kyau ne.

Ruwa na uku bayan nan bangon ya zauna, ya zube. Da hantsi ne, ina tsintar wake a rumfa. Ba wata ƙara mai yawa ya yi ba. Samira ta fito da gudu tana salati. Na ce mata ta janye akuya daga wurin, kada sauran ya faɗo mata.