Igiyar Habbanaye

Ran da ruwan farko ya sauka a Dakoro, gari ya ɗauki murna, shi kuwa Jimrau yana tsugune cikin taɓo da kan karsana bisa cinyarsa. Ta sha rani, ta sha yunwa, har bunun rumbunsa ya zare ya ba ta ta ci. Sai ga shi sanyin ruwan nan da aka yi ta roƙo shi ne ya kayar da ita. Ta mutu da cikinta na fari.

Abin da ya fi ci masa rai, ba tasa ba ce. Habbanaye ce. Samba, wani tsohon Bafillace da suke majami'a ɗaya, shi ya jawo ta har ƙofar gida ya ce ya riƙe, in ta haihu maraƙin nasa ne, uwar ya maido. Jimrau manomi ne, ko kofato bai taɓa mallaka ba. Ranar Lahadin da ta biyo bayan kawo ta ya miƙe gaban jama'a ya ce Allah ya ji kukansa. To, ga inda jin kukan ya ƙare.

Tun daga nan ƙafarsa ba ta ƙara taka majami'a ba. Akwai kunyar Samba, akwai kuma haushin Allah, gara a faɗi gaskiya. Ya rataye igiyar karsanar a ɗaki, yana kallonta kamar mai jinya. In matarsa Raliya ta soma waƙar yabo bakin murhu, sai ya ce ta rufa masa asiri ta yi shiru. Fasto ya zo, aka ce ba ya nan, alhali yana kwance bayan ƙyaure. Da ya ji Samba ya dawo daga kiwo wajen Tagriss, sai ya daina bin hanyar kasuwar dabbobi ma.

Wata Lahadi da hantsi, Raliya ta riga ta tafi majami'a, aka yi sallama. Muryar Samba ce. Wayyo, ina mafita? Jimrau ya ciro igiyar ya fito, ya durƙusa ya ajiye ta gaban tsohon, idonsa a ƙasa.

"Baba Samba, ga abin da ya rage. Ta mutu a hannuna. Ka yi mani duk abin da ka ga dama."

Samba ya rame, wuyansa duk jijiya, rawanin ma ya yi masa yawa. Ya dubi igiyar, ya dubi Jimrau.

"Kai Kaɗo, wa ya gaya maka ana biyan habbanaye in ta mutu? Da igiyar nan ka ɓuya mani?"

"Amana ka ba ni."

"Tawa guda ka binne. Sauran ni na bar su a daji da hannuna." Muryarsa ta ɗan yi rawa. "Duka, Jimrau. Har jikar wadda ubana ya bar mani. Sanda kaɗai na komo da ita."

Jimrau ya ɗago kai, bakinsa a sake. Wannan garken da in ya taso ƙahonni ke rufe hanya! Ashe duk kwanakin da ya yi yana jinyar saniya ɗaya, mai ita ba shi da ko ta tatsa.

"Kuma kana zuwa majami'a? Kana waƙa?"

"Ina yi, ina kuka a ciki. Da farko na ƙi yi ma Yesu magana. Amma shi makiyayi ne, ya san abin da ake ji in dabba ta faɗi. Wa zan kai ma kukan da ya fi shi sani?" Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki igiyar. "Mu ba mu ƙidaya shanu, ka sani. Duba garke kawai muke, in da gurbi sai ido ya ji. Duk Lahadi ina duba jama'a, idona na ciwo wajen da kake zama. Shanu sun ƙare mani, ba zan ƙara rasa wani ba."

Kafin Jimrau ya ankara, tsoho ya zarga masa igiyar a wuyan hannu ya ja, har da 'yar tsawar nan da ake yi wa maraƙi mai gardama. Dariya ta kuɓuce wa Jimrau, wadda rabonsa da ita tun ran ruwan farko, hawaye na biye da ita.

"Baba, mutane na kallo!"

"Su kalla. Tashi."

Haka suka ratsa unguwa, tsoho na gaba da sanda, ƙato na biye a ɗaure yana share fuska da hannun riga. Tun daga nesa suka jiyo ganga da muryoyin mata. A bakin ƙofa Samba ya kwance shi, ya naɗe igiyar ya cusa masa a aljihu.

"Riƙe ta da kyau," in ji shi. "Ran da Allah ya ba ka karsana, ni za ka fara jawo ma."