Taken da Babu Mai Kaɗawa

A kasuwar Karaye suka ƙulla maganar, gindin wani durumi, bayan la'asar. Sulle da Awaisu makaɗan noma ne, gida ɗaya suka koyi ganga, wurin marigayi Uba Mai Ganga. Tun suna samari tare suke bin gayya, wannan a bakin gona, wancan a ɗaya bakin, ganga na kira ganga na amsawa. To sai gayya ta fara ja da baya. Maganin feshi ya shigo, mutum ɗaya da tanki a baya ya gama aikin da a da sai an tara gari. Abin da ake samu ya daina isar gida biyu.

"Mu raba ƙasa," in ji Sulle. "Ka riƙe nan, ƙauyukan Kwanyawa da Yola duk naka. Ni in koma wajen Rogo. Kada ka ƙetaro mini, ni ma ba na ƙetaro maka."

Awaisu ya daɗe yana tauna goro. "Kai dai ba ka rabo da wayo, Sulle. Nan feshi ya cinye. Can su Ruwan Bago ne har yanzu ake sunkuyawa da fartanya."

"Ai ka fi ni dangi a nan."

"Na san an kwashe ni, amma na sallama. Kawo hannu."

Sulle ya kwashe iyalinsa ya koma Ruwan Bago, kuma lissafinsa ya fita. Gayya nasa, biki nasa, har masu neman ƙuri'a in sun shigo ƙauye shi ake aika wa. Ya yi rufin kwano, ya ɗaure tumaki.

Abu guda ne bai sa a cikin cinikin ba. A kiɗan noma kowane namiji da takensa, ɗan kiɗan da in ya ji ya san da shi ake, ko yana ƙarshen kunya sai ya ɗago kai. Uba ya yanka wa yaransa biyu nasu taken, ya kuma ja musu kunne: a gidansa makaɗi ba ya kaɗa wa kansa, ba ya kuma koya wa wani don a kaɗa masa, wannan roƙon yabo ne. Don haka duk duniya Awaisu kaɗai ya san na Sulle. A da in Sulle ya makara, tun daga nesa Awaisu zai sakar masa shi, har manoma su juyo suna dariya.

Shekaru suka tura. Saude, matar Sulle, ta rasu. 'Ya'yan suka tafi Kano, ba mai son a ce masa ɗan makaɗi. Sulle yakan kira kowa da ganga, har matattu yana riƙe da takensu, ya ga ƙato ya ji na ubansa ya share hawaye da gefen riga. Sai a watse, ya rataya gangarsa ya kama hanyar gida, babu wanda ya kira shi. Wani lokacin yana zaune a zaure sai ya tarar yatsunsa sun fara kaɗa takensa a kan gwiwa, ya yi maza ya dunƙule hannun.

Wata kaka ya naɗe gangar a buhu, ya hau ɗan acaɓa sai Kwanyawa.

Ya sami Awaisu a ƙofar gida kan tabarma, gemu fari fat, jikoki na ɓare masa gyaɗa. Ya daɗe da barin kiɗa, ya koma sarin gyaɗa. Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya, aka yi wa Saude addu'a.

"Me ke cikin buhun nan, sarkin wayo? Ka zo ƙwace ragowar ƙasar ne?"

"Ban zo kiɗa ba. Kai na kawo wa." Sulle ya zare gangar ya tura masa. "Nawa nake so in ji. Sau ɗaya."

Awaisu ya yi dariya, ya rungumi gangar, ya juya gular kiɗan a hannu kamar baƙuwa. Ya taɓa, ya tsaya. Ya sake taɓawa. Can sai hannun ya saki, kiɗa ya fito tsaf, yana kaɗawa yana kallon Sulle yana murmushi.

Taken Audu Dogo ne, wani manomin Yola da ya daɗe da rasuwa.

"Shi ne ko?" in ji Awaisu. "Ka ga hannu bai mutu ba."

Sulle ya buɗe baki. Bugu kaɗan zai nuna masa a kan gwiwa, shi ke nan. Ya dubi hannunsa, ya mayar da shi cikin aljihu.

"Shi ne," ya ce.

"To tunda ka riga ka ƙetaro, na yafe maka iyaka. Yi mini nawa."

Sulle ya karɓi gangar. Bai ko yi tunani ba, ya saki taken Awaisu. Kafaɗun Awaisu suka tashi, ya miƙe tsaye ba tare da ya dafa ƙasa ba. Jikoki suka watsar da gyaɗa. Laure, matarsa, ta leƙo daga zaure da ludayi a hannu.

"Malam, ashe da sauranka?"

"Koma ciki, ke ma da wannan kiɗan aka kamo ki."

Suka so ya kwana, ya ce akwai tumaki ba mai ba su ruwa. Ya mayar da gangar buhu, ya tsaya bakin hanya shi kaɗai yana jiran abin hawa.

Har yau mutanen Karaye in ana tuna cinikin nan cewa suke Sulle ya kwashe Awaisu, ya ɗauki ɓangaren mai maiƙo. Ba su yi ƙarya ba, kiɗa da suna duk Sulle ya ci. Amma Awaisu ne ya ci riba, don ya ba da ƙasa ya ajiye mai kiransa. Sulle ya sami ƙasar, ya yi asarar mutum ɗaya da ya san takensa.