Gurbin Suna Ɗaya

Jirgin ƙasa bai daɗe da barin birnin Lyon na Faransa ba, Hassoumi ya shimfiɗa tsumma a cinyarsa, ya fito da basilla da zare, ya ɗauko takalmin Matej na hagu. 'Yan wasan duk sun toshe kunnuwa da kiɗa, wasu har sun fara gyangyaɗi, sai ka ce ba su ne za su buga wasan kofi a Bobigny da ƙarfe uku ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan Hassoumi yana kula da kayan wannan ƙaramar ƙungiya ta Saint-Fons: wanki, hura ƙwallo, jera riguna. Amma asalinsa ɗan dukawan Zinder ne, kuma babu wanda ya taɓa buƙatar basillarsa sai Matej. Yaran yanzu takalmi na ɗan yagewa sai kwandon shara. Shi kuwa wannan Baturen Slovenia, mai shekara talatin da shida, takalmin fata ɗaya yake ta lallaɓawa. A cikin harshen takalmin, wato 'yar fatar nan da ke kwance ƙarƙashin igiya, ya rubuta da biro duk garin da ya taɓa bugawa, daga Maribor inda aka haife shi, zuwa garuruwan Ostiriya, Girka, Turkiyya, har China. Gari tara. Wuri ya ƙare.

Shi ya sa jiya ya ce wa Hassoumi ya ƙara masa fata mai tsawo a ƙasan sunayen. Wakilin wata ƙungiya daga ƙasar Kubrus zai zo kallonsa yau, kuma idan ya yi wasa da kyau, za a ba shi kwantiragin shekara biyu.

Hassoumi ya juya takalmin ya sake duba tafinsa. Gefen waje ya cinye sosai, ƙusoshin ciki kuwa kamar ba a taɓa taka su ba. Wata uku da suka wuce ba haka yake ba. Mutumin yana ɗauke nauyinsa daga gwiwar da aka yi wa aiki sau biyu, yana ɓoye wa likita, yana ɓoye wa koci. Takalmi ne kawai bai iya ɓoye wa ba.

Wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce, Sabuwa.

"Malam, kun kai?"

"Tukuna. Muna hanya."

"Ka faɗa mishi?"

"Ban faɗa ba."

"To, in ba ka iyawa, ka faɗa ma koci. Ɗiyarshi fa shekara bakwai gare ta. So kake ta riƙa tura ubanta a keken guragu?"

"Sabuwa, ƙafarshi ce, ba tawa ba. Ba ni kai ƙararshi."

"Na ji. Amma ka san abin da Baba zai ce."

Ya sani. A rumfarsu ta Zinder mahaifinsa bai taɓa mayar wa mutum takalmi ba tare da ya gaya masa abin da ya gani a tafinsa ba, ko da mai shi ba zai sake dawowa ba. Hassoumi ya ji tsoro ƙwarai, domin Matej ne kaɗai a ƙungiyar ke shigowa ɗakin wanki ya zauna a kan buhun riguna, ya sha shayi, ya tambayi lafiyar yara. Ya yanko fata, ya auna ta da yatsa ɗaya, ya ɗinke.

A ɗakin canja kaya Matej ya zo karɓa da murmushinsa. "Sannu da aiki, Malam," in ji shi. Hausarsa ke nan gaba ɗaya, sai "na gode". Ya buɗe takalmin, murmushin ya ragu, ya koma Faransanci.

"Na ce maka mai tsawo. Wannan ai suna ɗaya kawai zai ɗauka."

"Abin da ya rage wa gwiwarka ke nan."

Matej ya waiga ko wani ya ji. "Wa ya gaya maka?"

Hassoumi ya kifa takalmin a tafin hannunsa, ya bi gefen da ya cinye da babban yatsa. "Ba zan gaya wa kowa ba. Amma shekara biyu a busasshen fili, ba za ka iya hawa bene da ƙafarka ba. Na ɗinka da kyau, zai kai ka duk inda ka zaɓa."

Matej ya karɓa, bai ce na gode ba.

Ya kuwa buga wasan da Hassoumi bai taɓa ganin ya buga ba. Ba ya gudu sosai, amma duk inda ƙwallo za ta faɗi yana can yana jiranta, kamar tsohon ɗan kasuwa da ya san ƙofar da kaya ke shigowa. Ana saura minti goma ya ɗaga ta da wannan ƙafar ta hagu, ta wuce kan masu tsaron baya, abokinsa ya sa kai. Ci ɗaya, kuma shi ke nan har aka tashi. Kowa na tsalle, Hassoumi kuwa gwiwar yake kallo. Daga baya ya hango wakilin, wani mai jar hula, ya riƙe hannun Matej ya daɗe bai saki ba.

A jirgin komawa rana ta yi sanyi. Matej ya bi tsakanin kujeru yana dafa kowacce, ya zauna kusa da Hassoumi, ya miƙe ƙafar da ƙanƙara ɗaure a kanta.

"Wakilin ya ce in zo ranar Litinin," ya faɗa.

"Barka."

"'Yata Nika ta koyi tuƙa keke can gida a watan jiya. Mahaifiyarta ce ta riƙe mata sirdi. Ni a waya na gani." Ya ciro takalmin daga jakarsa. "Kana da biro?"

Hassoumi ya laluba aljihu ya ba shi, ya juya fuska wajen taga, don ba ya son ganin sunan. Ya ji ƙarar biro a kan sabuwar fata, a hankali, harafi bayan harafi. Sai ya ji an ajiye masa takalmin a cinya.

Ya duba. Sunan ƙarshe shi ne sunan farko: Maribor. Ya cika gurbin cif, ba ragi.

"Ka goge min shi da mai, zan rataye shi a gida," in ji Matej. Sannan ya jingina kai, ya rufe ido, ya ce da Hausa, "Na gode, Malam."

Hassoumi ya shimfiɗa tsummansa.