Sunan Ɗan Fari

Shekarar da anka samu mulkin kai, anka ɗauke Maccido daga Kebbe anka kai shi makarantar kwana can wajen Tambuwal. Shi ne ɗan farin Hadijatu, kuma kun san ta da kunya: tun ranar suna ba ta taɓa kama sunan yaron ba. "Wancan" take ce mishi.

Da yaz zo hutu, duk ya rame, ga shacin bulala a bayanai. Ba dukan malami ba ne. Wani ƙaton ɗalibi ne, Ɗangiwa, ke cinye mishi tuwo, in ya yi magana ya zane shi. Uban yaro yac ce shi ba ya shiga sha'anin ɗan fari, mutane su yi mishi dariya.

Ranar kasuwa Hadijatu tab bi mata cikin motar kaya, wai za ta sayo kanwa. Ta zarce makaranta, 'yan Kebbe ukku na biye da ita, don ba a barin su baya wajen ganin ƙwam.

Hedimasta ya saurare ta tsaf.

"Madalla, Inna. Da iyaye na zuwa haka, da mun huta. Wa ke dukan?"

"Ɗangiwa."

"Wa yake duka?"

Ta dubi ƙasa. "Wancan."

"Wancan wa? Yara gare ni cike da makaranta."

Anka jera su a rana. Kowa ya yi tsit, don Ɗangiwa na tsaye bayansu yana murza yatsu. Hedimasta yac ce shi ba ya horon yaro sai an kama sunan wanda anka cuta. In ba haka ba, kowa ya koma aji.

Ga yaronta can, kai sunkuye. Ga matan Kebbe nan, kunnuwa a miƙe. Yara sun fara juyawa.

"Maccido!"

Yaron ya waiga wajen malamai, ya waiga wajen 'yan ajinsu. Bai san sunanai da wannan murya ba. Sai da ta sake kira, sa'annan yaf fito yana tuɓe rigarshi don a ga bayanai.

Ɗangiwa ya sha bulala, anka raba shi da ɗakin ƙanana. Ita ko Hadijatu, kafin mota ta kai Kebbe, maganar ta riga ta sauka. Har ta tsufa, in ta shigo gidan biki sai mata su taɓa juna.