Saura Kwana Tara

"Kwana tara, Noeleen. Kwana tara kacal," in ji maƙwabcina Merv Tregear, yana dafe da shingen da ke tsakaninmu don kada ya faɗi.

Na ce, "Wata huɗu ke nan ƙarar injinka tana sara mini kai. Na riga na kira ɗanka."

Shekara talatin Merv ya yi a wani ɗakin gwaji nan Geelong, yana gwada tangaran da aka saƙa wa zare a ciki, irin wanda ake son sa wa injin jirgin sama. Inji ya ja siririyar sandar tangaran, ya saki, ya ja, ya saki, har ta gaji ta tsage. Manyansa suka ce haɗin da ya yi ba zai jure ja miliyan goma ba, suka sallame shi. Shi ne ya harhaɗa nasa injin a garejin gidansa don ya ƙaryata su; yanzu saura kwana tara jan ya cika miliyan goma. Ciwon huhu kuwa ya cinye shi, sai ƙashi.

Ranar Asabar ɗansa Darren ya iso daga Ballarat. Lokacin Merv ya daina tashi daga gado. Ina tsaye a ƙofar gareji Darren ya finciko wayar wutar injin daga bango. Unguwa ta yi tsit. Sandar na nan fara sol, ko tsaga babu.

"Wannan shirgin ya fi so a kan uwata," in ji Darren. "Zo ki gaishe shi mana."

Muka tarar Merv ya ɗago kai daga matashi, yana kasa kunne.

"Ya tsaya. Darren, me ya faru?"

"Ta karye, Baba."

"A nawa?"

"Oho. Biyu ta rabu. Ashe dai mutanen nan sun fi ka gaskiya."

Merv ya juyo gare ni. "Noeleen, ke kin gani?"

Darren ya zuba mini ido. Na tuna watanni huɗun nan, na ce, "Na gani."

"To," in ji Merv. Ya nemi a ba shi tabaransa, aka ba shi, bai sa ba. Ya juya fuska bango.

Ranar Talata da hantsi ya cika. Ban je jana'iza ba, na ce ƙafata ce ke ciwo. Da yamma ina wanke kofi na hango Darren ta taga, yana zaune a dakalin gidan cikin baƙar kwat, ya cire takalmi ɗaya, yana cin ragowar kek da hannu.