Layin Baban Biyu

Jama'ata, barkanku! Har da ku masu karantawa a ɓoye ku wuce ba ku danna komai ba, ina ganinku. Yau akwai labari, amma mai neman dariya ya mayar da haƙoransa aljihu, ya gyara zama. Wata tela ce, Maman Biyu ake ce mata.

Tana cikin bas da safe, ledar yadi a cinya, sai ta ji muryarta tana fitowa daga kujerar baya.

"Baban Biyu, famfon nan ya sake ɗiga. Na ɗaure shi da roba yadda kake yi, ya ƙi. Ashe hannunka yake tsoro."

Bas ɗin ya kwashe da dariya. An sa wa muryar kiɗan tausayi, irin na fim. Saurayin da ke riƙe da wayar ya ce, "Kashi na shida ke nan! Oga Raha ya samo mana mata."

"Miji ya gudu ya bar ta da famfo," in ji wata, "ita kuma tana ta lallashi. Mata, mu dai!"

Maman Biyu ba ta juya ba. Ta matse ledar nan har zufa ta jiƙa ta.

Ba guduwa ya yi ba. Direba ne, kuma yau wata goma sha huɗu da rasuwarsa a hatsari. Da yake kullum hannunsa na kan sitiyari, saƙon murya ta saba tura masa, ya saurara in ya tsaya. Da ya rasu ba ta daina ba. Wayarsa ta farfashe a wurin hatsarin, saƙo ya tafi ya tsaya da alama ɗaya, shi ke nan. Sai wata biyu da suka wuce alamar ta koma biyu, wato an karɓa. Ku ce ba ta da wayo, ku ce. Ta san mamaci ba ya sayen data. Amma ranar nan kuka ta yi, ta ce na'urar kamfani ce ta rikice, ta ci gaba da turawa har fiye da da.

Ba ta buɗe shago ba. Ofishin kamfanin layin ta wuce, ta bi layi awa guda.

"Anti, layin da ya daɗe ba a amfani da shi, wani muke ba wa," in ji ma'aikaciyar, idonta na kan kwamfuta. "Yana cikin sharuɗɗa."

"Wa ya gaya mini?"

"Ai mun tura wa mai layin sanarwa."

"Mai layin yana kabari, 'yar nan."

Sai a lokacin yarinyar ta ɗago. Ta yagi takarda ta rubuta mata adireshin hukumar kare bayanan jama'a, ta miƙa da hannu biyu.

Ofishin hukumar a hawa na uku yake, kuma lif ɗin ado ne, ba ya aiki. Ɗaki ɗaya, fanka mai kukan tsufa, fayil har kan taga. Lauyar da ke karɓar ƙorafi ba ta wuce sa'ar ƙanwarta ba. Minti biyu ta nemo shafin Oga Raha. Shi ya samu layin, shi yake ɗora saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, bisa jerin da ta turo su, kullum ƙarfe shida na yamma. Ya ma rubuta: "Yau na bakwai. Ku tanadi hankici."

"Yaya, doka tana bayanki," in ji lauyar. "Muryarki taki ce, ba shi da ikon watsa ta ba da izininki ba. Za mu rubuta masa, mu rubuta wa masu dandalin su sauke. Kwana uku na aiki."

"Kwana uku?"

"In sun yi sauri."

"Ni yau nake jin tsoro, ba jibi ba."

Lauyar ta ajiye biro. "Me ke cikin na bakwai?"

Maman Biyu ta kalli fanka, ta kalli ƙasa. 'Yan biyunta mata ne, Babba da Ƙarama, shekara sha shida. Ranar hatsarin, Ƙarama ce ta manta katin jarrabawa a gida, ta kira babanta tana kuka. Ya baro tasha a guje don ya kai mata. Bai isa ba.

"Wata rana na gaji," ta ce, muryarta can ƙasa. "Sai na ce masa wani lokaci ba na son kallon fuskar Ƙarama. Na ce da ba ta manta katin nan ba, da kana nan. Na faɗi sunanta. Wallahi ba haka zuciyata take ba. Shi nake gaya wa, shi da ba zai kai wa kowa ba."

Lauyar ta jawo wayar ofis. "Karanto mini lambar."

Ba ta duba waya ba, da ka ta karanto. Aka sa a sifika. Ringi biyu aka ɗauka, da kiɗa a bayansa.

"Layina ne, madam," in ji Oga Raha bayan ya gama sauraro. "Da sunana, da hotona, da yatsana aka yi rajista. Ni na ce ta turo? Kyauta ta zo har gida."

"Layin naka ne, muryar ba taka ba ce. Ka ɗora na yau, ka ƙara wa kanka laifi."

"Au, tana wajenki? Don Allah ba ni ita mu gaisa! Anti Famfo, jama'a na sonki fa!"

Ya kashe.

Maman Biyu ta sa hannu a shafi huɗu. A gurbin da aka ce a rubuta yawan saƙonnin da suka shiga hannunsa, ta ƙirga, hamsin da tara. Lauyar ta rako ta har bakin bene.

"Kada ki kira shi, kada ki ɗauka in ya kira. Duk abin da kika ce naɗa zai yi, gobe ya zama kashi na takwas. Kuma Yaya, kada ki goge komai, shaida ce."

"To in ya ɗora fa?"

"Za mu hukunta shi."

"Ƙarama kuma ta riga ta ji."

Lauyar ta dubi takardun hannunta. Wannan ba ya cikin fom.

Biyar da rabi ta isa gida. Babba ta tafi darasin yamma. Ƙarama na zaune a ƙasa tana guge musu kayan makaranta, tana ba ta labarin wata malama da takalminta ya tsinke a gaban aji.

"Mama, ba ki yi dariya ba. Wai kin san wani Oga Raha? 'Yan ajinmu sai maganarsa suke, ni datata ta ƙare. Yau dai sai kin ara mini wayarki."

Maman Biyu ta ajiye wayar a kan keken ɗinki, ta zauna bakin gado ko takalmi ba ta cire ba. Shida saura kwata. Shida saura goma.

Wayar ta ɗauki ƙara.

Ƙarama ce ta fi kusa. Ta leƙa, ta jingine dutsen guga a hankali, kamar zai fashe.

"Mama... Baba ne ke kira."

Haka sunan yake a rubuce, Baban Biyu, da hotonsa yana dariya a jikin mota. Maman Biyu ta miƙe. Wata goma sha huɗu rabon da sunan nan ya haska a wayarta. Wataƙila yaron ya tsorata ne, zai ce ya fasa. Wataƙila kuma na'urar naɗa ya kunna, yana jiran ta roƙe shi. Ta tsaya tana kallo har ringin ya kusa ƙarewa, sannan ta kife wayar.

Ta sauko ƙasa, ta ture kayan guga gefe, ta kama hannun yarinyar duka biyu.

"Ba babanki ba ne, uwata. Zan gaya miki ko wane ne. Amma akwai wata magana da na taɓa yi a kanki, mummuna. Gara ki ji ta daga bakina, ina riƙe da ke."

Wayar ta sake ɗaukar ƙara a kan keken. Babu wanda ya tashi.

To jama'a, ni dai a nan bakina ya mutu, abin da ba a saba gani ba. Da ku ne da minti goman nan a hannu, ɗauka za ku yi ku roƙe shi, ko zama za ku yi a ƙasa?