Iskar Rumfar Gurza

Adiza ta ɗaga farantin gilashin zuwa hasken taga, ta juya shi, ta sake juyawa. Fes yake, ko ɗigon fumfuna babu. Ta ɗauki na biyu, shi ma haka. Duk farantan da ta kwaso daga Dapaong sun kwana sun wuni cikin ɗumi a ɗakin gwaji na asibitin Sokodé inda take aiki, amma sai ka ce yanzu aka wanke su.

"Dokta, wannan ƙarya ce," ta ce.

Dokta Salifou, shugaban binciken, bai ko ɗago kai ba. "Faranti ba ya ƙarya, Adiza. Abin da muka gani shi za mu rubuta."

Aikin dai ba wani abin wuya ba ne. A zuba wa faranti abincin ƙwayoyin cuta, wani abu mai kama da daskararren romo, a bar shi buɗe inda mutane ke numfashi. Duk abin da ke yawo a iska zai sauka a kai ya tsiro. Ko a ɗakin nan da ake gogewa kullum, in aka buɗe faranti sai ya yi tabo. Balle rumfar gurzar auduga ta Dapaong, inda ake jibge audugar da ruwa ya doka har ta yi baƙi, inda mutum ke shiga da baƙin gashi ya fito fari fat. Can yayanta Alassani yake aiki. Da can ƙato ne mai ɗaga buhu da hannu ɗaya, yanzu ko Fatiha ba ya kaiwa ƙarshe sai tari ya datse shi. Da farantan sun nuna cuta, da dole masu rumfar su fasa tagogi, su raba wa ma'aikata ƙyallen rufe hanci da baki. Saboda haka ne ta nace sai da aka tafi da ita.

"To mu koma mu sake," ta ce.

"Da izinin wa? Sau ɗaya kumandan sojan yankin ya yarda mu shiga, shi ma sai da muka yi ta roƙo. Rahoto zai tafi babban birni, Lome."

Rahoto kuwa ya tafi: iskar rumfar lafiya ƙalau. Adiza ta ji kamar ta farfasa farantan a kan teburinsa. Ta haɗiye, ta jira ranar hutunta, ta hau motar kaya zuwa gida Dapaong, can arewa.

Ta tarar da mahaifiyarsu, Inna Kulu, tana tsince wake a tsakar gida. Ita ke sayar wa ma'aikatan rumfar shinkafa da wake a bakin ƙofa. Bayan gaisuwa Adiza ta tambaye ta ko ta ga wani ya taɓa farantan ranar nan, lokacin da aka kwashe masu binciken duka zuwa gaida kumandan, aka bar farantan shanye a bencin rumfar har la'asar.

"Ba wanda ya taɓa," in ji Inna. "Ai ni na tsare miki su."

"Kika tsare su yaya, Inna?"

"Na leƙa na ga kin jera kwanoni kin bar su buɗe, ga auduga na shirin zuba a ciki. Kunya ta kama ni. Ko abinci ne ko magani, haka na koya miki? A ce 'yata ce ta bar kwano buɗe a gaban maza? Na kwaso faya-fayaina na rufe su ɗaya bayan ɗaya."

Adiza ta zauna a kan turmi. "Wa ya bar ki kika shiga? Ai ba a barin masu abinci."

"Shef da kansa, Allah ya yi masa albarka. Ya ce, bismilla Inna, kin fi mu sanin ya kamata. Da aka hango motarku ma shi ya ce in kwashe kayana, kada in kunyata ki a gaban likita."

Shef, wato mai kula da rumfar. Mutumin da Adiza ta tsaya ta yi wa bayani dalla-dalla da Faransanci cewa rufe faranti ɓata aikin ne gaba ɗaya, yana ta gyaɗa kai kamar mutumin kirki. Ashe munafukin ya ji sarai. Bai ɓata hannunsa ba, ya bari tsohuwa ta yi masa aikin da tarbiyyarta. Adiza ta buɗe baki, zuciyarta na tafasa, ta rasa wanda za ta sauke wa. Daga cikin ɗaki tarin Alassani ya taso, doguwar sheƙa, sannan shiru.

"Wani abu na ɓata?" Inna ta tambaya, hannunta ya tsaya cikin waken.

"Abin da ke cin ƙirjin Yaya muka zo kamawa, Inna. Shi kika rufe."

Inna ta ajiye tiren, ta tashi ta shige ɗaki.

Adiza ba ta tsaya kuka ba. Ta yage sabon zanenta, ta ninka, ta ɗinka ƙyallaye masu igiya har yatsunta suka yi tsami. Da safe ta ɗaura wa Alassani ɗaya da hannunta, ta ƙulle sauran don abokan aikinsa, ta raka shi har rumfar.

Shef na tsaye a ƙofa, soja a gefensa. Ya gaishe ta da fara'a, har da tambayar gajiyar hanya, sannan ya dubi Alassani.

"Mene ne wannan a fuskarka?"

"Kariya ce," in ji Adiza. "Ka san abin da ka yi. Ka san me ke cikin iskar nan."

"Ni ban sani ba, malama, ku ne masana. Ku kuka auna, ku kuka ce lafiya ƙalau, har kumandan ya yaba." Ya juya ga ma'aikatan da suka taru. "Duk wanda ya rufe hanci a nan yana nufin likitocin gwamnati ƙarya suke yi ke nan. Mai wannan ra'ayi ya fito ya faɗa wa soja."

Ba wanda ya motsa. Injin ya tashi a ciki, farin gari ya fara fitowa ta ƙofa.

"Yaya, kada ka cire," Adiza ta ce. "Don Allah."

Alassani ya dube ta, ya dubi sojan. Ya kai hannu ƙeya ya kwance igiyar a hankali, ya ninke ƙyallen, ya miƙa mata.

"Ɗinkin ya yi kyau, ƙanwata," ya ce. "Ki je gida ki ga Inna, tun jiya ba ta ci komai ba."

Ya ja numfashi iya abin da ƙirjinsa zai ɗauka, ya shiga.